Kiɗan Ɗaki da Kiɗan Fili: Tarihin Kayan Kiɗan Mutanen Bama

Gabatarwa

Yawancin Hausawa ta hanyar yaƙi suka san sunan ƙasar Bama. A can ne aka kai dubban sojojin Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, suka gwabza da mayaƙan Japan a dazuzzukan Arakan da kwarin Kogin Kaladan, waɗanda suka tsira kuwa suka komo gida da labarin kurmi da ruwan sama da masassara. Amma nesa da fagen dagar nan, a tsakiyar ƙasar inda Kogin Irrawaddy ya ratsa, akwai tsohuwar al'adar kiɗa da waƙa wadda shaidarta a rubuce ta haura shekara 1,200. Tun 1989 gwamnatin ƙasar ta sauya mata suna zuwa Myanmar, amma a nan za a riƙe tsohon sunan, tun da shi kunne ya saba ji. Bamawa kuwa, a wannan maƙala, ana nufin kabilar da ta fi rinjaye a ƙasar, wadda ta kafa daulolin Bagan da Taungoo da Konbaung.

Abin da za a bi diddiginsa shi ne yadda kayan kiɗan Bamawa suka samu, da yadda fada ta rene su, da kuma abin da ya same su sa'ad da fadar ta rushe a 1885. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce: in sarki ya tafi, wa zai riƙe makaɗinsa? Tarihin Bama ya ba da amsa iri uku, gama wani kiɗan ya tsira da ƙarfin talakawa, wani ya tsira da taimakon hukuma, wani kuma ya rasa mai riƙonsa.

Yadda Bamawa Suka Kasa Kayan Kiɗansu

Masanan Bama sun kasa kayan kiɗa gida shida. Akwai kyei, watau na tagulla, da kyo, masu tsirkiya, da thayei, waɗanda aka rufe da fata, da lei, na busa, da let khok, waɗanda ake haɗa biyu a tafa, sa'an nan pattala, wadda aka ware mata gida ita kaɗai. Wannan rabo ya yi wa mai nazari amfani, amma a wajen makaɗa akwai wani rabon da ya fi shi tasiri, shi ne tsakanin kiɗan ɗaki da kiɗan fili.

Kiɗan ɗaki mai sanyin murya ne, ana yin sa ga mutane kaɗan, kuma mawaƙi ne ginshiƙinsa. Shugaban kayansa shi ne saung, wani irin molo mai lanƙwasasshen wuya kamar baka, sai pattala, watau jerin faifayen gora 24 da ake rataya a bisa akwati mai siffar kwalekwale ana bugawa da 'yan sanduna biyu, sai sarewar da suke kira palwe. Kiɗan fili kuwa mai amo ne, na dandali da bukukuwa, kuma ƙungiyar da ke yin sa ita ce hsaing waing, mai ganguna da kugen tagulla da abin busa. Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne taskar waƙoƙi guda, da kuma wasu 'yan ƙananan kaya biyu, si da wa, watau 'yar ƙararrawa da ɗan matafin gora, waɗanda ke riƙe da ma'aunin kowace waƙa. Almajirin kiɗa da su yake fara koyo kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya ko fata.

Daga Pyu Zuwa Bagan

Kafin Bamawa su yi ƙarfi a kwarin Irrawaddy, mutanen Pyu ne ke da birane a wurin, kuma sun karɓi addinin Buddha da rubutu daga Indiya. A kangon birninsu Sri Ksetra, kusa da garin Pyay na yanzu, an samu wani sassaƙe na wajen ƙarni na 7 mai nuna makaɗi riƙe da molo mai wuyan baka. Wannan ita ce shaida mafi tsufa ta saung a ƙasar. Irin wannan molo ya yaɗu a Indiya ta dā, ana ganin sa a sassaƙen ɗakunan ibada, kuma manazarta, irin su Judith Becker a binciken da ta buga a 1967, sun nuna cewa daga can ya ƙetaro. Abin mamaki shi ne a Indiya ɗin ya ɓace daga fadoji tun ɗaruruwan shekaru, a Bama ne kaɗai ya ci gaba da zama kayan kiɗan manya ba tare da yankewa ba.

Shaida ta biyu daga ƙasar Sin ta fito. A tsakanin 801 da 802 sarkin Pyu ya aika da tawaga zuwa Chang'an, fadar daular Tang, tare da makaɗa 35. Marubutan tarihin Tang sun lissafa kayan da suka zo da su, har da molo mai wuyan baka da wani abin tsirkiya mai kan kada, da sarewu da ganguna da ƙahoni, kuma sun ce waƙoƙi 12 da aka rera duk a kan koyarwar Buddha suke. Mawaƙin Sin Bai Juyi ya yi waƙa a kan wannan ziyara. Watau a wancan zamani kiɗa yana cikin kayan jakadanci, ana aika shi kamar yadda ake aika hauren giwa ko zinariya. Ba a daɗe ba, a 832, daular Nanzhao ta kai wa Pyu farmaki ta kwashe mutanenta, ƙarfinsu ya karye.

Daular Bagan, wadda Sarki Anawrahta ya ɗaukaka daga 1044, ita ta gaji Pyu, ta kuma ɗebi al'adu da yawa daga mutanen Mon na kudu. Zane-zanen bangon ɗakunan ibadar Bagan cike suke da makaɗa da masu rawa. Rubuce-rubucen da aka yi a kan duwatsu a ƙarni na 12 da na 13 sun nuna wani abu muhimmi: in basarake ko attajiri ya gina ɗakin ibada, yakan sadaukar masa da gonaki da bayi, cikin bayin kuwa akwai makaɗan ganga da na molo da mawaƙa. Ko da yake ƙa'idar addinin ta hana ruhubanawa sauraron kiɗa da kallon rawa, jama'ar gari sun ɗauki kiɗa a matsayin abin da ake miƙawa don neman lada. Tun daga nan kiɗan Bama ya samu iyayengiji biyu, fada da ɗakin ibada, kuma wannan shi ya cece shi daga baya.

Ƙirar Saung

Gangar jikin saung siffar kwalekwale gare ta, tsawonta kimanin santimita 80, ana fafe ta daga itacen padauk, a rufe bakinta da fatar wata irin barewa, a huda 'yan ƙofofi don fitar murya. Wuyan kuwa daga itacen sha ake samo shi, wani ɗan dangin bagaruwa, kuma masassaƙa sun fi son saiwar da ta lanƙwashe da kanta a gefen tudu, domin ta fi wadda aka sassaƙa ƙarfi. Ƙarshen wuyan ana yi masa siffar ganyen itacen da Buddha ya zauna a ƙarƙashinsa. Bayan haka a shafe jikin da baƙin danƙo mai sheƙi, a yi masa ado da ruwan zinariya da ƙyallayen gilashi.

A dā tsirkiyoyin na alharini ne, ana ɗaure kowace a jikin wuyan da jan igiyar auduga mai tuntu a ƙarshe. In makaɗi zai gyara murya sai ya murɗa igiyar ya ɗaga ta ko ya sauke ta. A yau nailan ya maye gurbin alharini, kuma da yawa an sa musu 'yan kusoshin murɗawa, tuntayen sun zama ado kawai. Makaɗi yakan zauna ya ɗora molon a cinya, ya taɓa tsirkiya da babban yatsa da manunin hannun dama, babban yatsan hagu kuwa yana danne ta don ɗaga murya ko kashe ta.

Saung ya shiga har cikin camfe-camfen mutane. Bamawa, duk da bin addinin Buddha, suna girmama iskokin da suke kira nat, kuma ɗaya daga cikinsu, U Shin Gyi, wanda masunta da matuƙan jirage na bakin teku ke roƙo, kullum da molo a hannu ake siffanta shi.

Kewayen Ganguna

Zuciyar hsaing waing ita ce pat waing. Wani kewaye ne na katako da aka sassaƙa, makaɗi yana zaune a tsakiya, an rataye ganguna har 21 a jikinsa ta ciki, daga ƙarama zuwa babba. Kowace ganga murya ɗaya take bayarwa, saboda haka ba amo kaɗai makaɗin ke yi ba, karin waƙar gaba ɗaya yake fitarwa da yatsunsa, yana juyawa dama da hagu cikin sauri. Sirrin muryar yana ga wani ƙulli da suke kira pat sa, ma'ana abincin ganga, wanda a al'ada ake haɗawa da dafaffiyar shinkafa da tokar itacen tsamiya, a liƙa a tsakiyar fata. In an ƙara shi murya ta sauka, in an rage ta hau. Da yake ƙullin yana bushewa, kuma kowane rukunin waƙa da nasa ɗaurin murya, makaɗi yakan yi ta gyara a tsakiyar wasa. Dabarar liƙa ƙulli a fatar ganga sananniya ce a Indiya, amma Bamawa ne suka kai ta ga wannan matsayi. Ambaton wannan kiɗa a fada yana komawa ga tsakiyar ƙarni na 16, zamanin Sarki Tabinshwehti na Taungoo.

Kusa da pat waing akwai kyi waing, kewayen ƙananan kugen tagulla masu cibiya, da maung hsaing, wasu kugen da aka jera a firam, muryarsu ta fi kauri. Akwai babbar ganga pat ma, wadda a dā ake ratayewa a jikin gunkin wata dabbar almara mai haɗe da sassan dabbobi biyar, da jerin ganguna shida, da faifayen tagulla, da manyan matafan gora. Abin busa ɗaya ne ke ratsa wannan amo duka, shi ne hne. Bakinta daga ganyen wani irin giginya ake naɗe shi, ƙarshenta kuwa ƙoƙon ƙarfe ne da ke reto a sake. Hne 'yar'uwar algaita ce ta haƙiƙa, gama dukansu daga zuriyar abin busar da ake kira surnay a Farisa suke, wadda ta bazu gabas har Sin, ta bazu yamma har ƙasar Hausa da Barno. Manazarta da yawa suna ganin sunan hne ma daga waccan kalma ya gutsuro.

Fada tana da nata gangunan na musamman. Sidaw manyan tambura ne guda biyu da ake bugawa a hankali sa'ad da sarki zai fito ko zai shiga. A fadar Mandalay akwai hasumiya inda ake buga gangar bahozi duk bayan sa'a uku don sanar da birni lokaci. Manoma kuwa suna da ozi, doguwar ganga mai baki ɗaya da ake rataya a kafaɗa, da dobat, da bongyi na yankin Shwebo wadda ake bugawa lokacin dashen shinkafa.

Ganimar Ayutthaya da Aikin U Sa

A 1767 rundunar Sarki Hsinbyushin ta ci Ayutthaya, babban birnin Siyam, ta ƙone shi, ta kora dubban kamammu zuwa Bama. A cikinsu akwai 'ya'yan sarauta da makaɗa da 'yan rawar fada. Abin da aka ci da takobi sai ya dawo ya mamaye kunnen masu takobin. Fadar Bama ta ƙaunaci wasannin Siyam ƙwarai, har a 1789, zamanin Sarki Bodawpaya, aka naɗa kwamiti na 'ya'yan sarki da fadawa don mayar da su cikin harshen Bama. Daga nan aka samu rukunin waƙoƙin da har yau ake kira yodaya, wanda shi ne lafazin Bamawa na sunan Ayutthaya.

Cikin 'yan kwamitin akwai wani saurayi, U Sa, wanda daga baya aka sani da laƙabin Myawaddy Mingyi. An haife shi a 1766, ya rasu a 1853. Shi bafade ne, kuma jarumi, gama ya jagoranci mayaƙa a fagen Arakan lokacin yaƙin farko da Ingilishi, na 1824 zuwa 1826. Amma da kiɗa aka fi tunawa da shi. Ya tsara wasan Enaung daga labarin da aka samo a Siyam, ya yi waƙoƙi masu yawa na rukunin patpyo, kuma shi ake jingina wa ƙara tsirkiyoyin saung daga 7 zuwa 13, domin molon ya iya ɗaukar faɗin sababbin waƙoƙin. A nan ana iya ganin yadda waƙa ke sauya ƙirar kayan kiɗa.

Waƙoƙin fada duka, tun daga tsofaffin kyo da bwe har zuwa patpyo da yodaya, su aka tara aka kira Maha Gita, watau babbar waƙa. Baitocinsu kaɗai aka rubuta. Karin kuwa a ka yake, daga malami zuwa almajiri, malami yana furta bugun da baki, yaro yana maimaitawa da hannu. Wannan ya sa rayuwar kiɗan ta rataya ga rayuwar mutanen da suka haddace shi.

Bayan Faɗuwar Mandalay

A watan Nuwamba 1885 sojojin Ingila suka shiga Mandalay, birnin da Sarki Mindon ya kafa a 1857, suka kama Sarki Thibaw suka kai shi Ratnagiri a Indiya. Da wannan aka rufe gidan da ke ciyar da makaɗan fada, yana ba su muƙami da laƙabi.

Hsaing waing bai sha wuya sosai ba, domin tun asali ƙafarsa ɗaya a waje take. Ba a bukin ɗakin ibada, ko shigar da yaro zaman ruhubanci na ɗan lokaci, ko wasan kwaikwayo na dare da ake kira zat pwe, ko wasan 'yartsana, ko bukin iskoki irin na Taungbyone kusa da Mandalay, sai da shi. Makaɗan fada suka fito kasuwa, suka kawo wa talakawa abin da dā sarki kaɗai ke ji. Mafi shahara a wannan zamani shi ne Sein Beda, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1942, ɗan wani makaɗin fada. Ya ƙawata kewayen gangunansa da gilashi da fitilu, ya ƙara kaya a ƙungiyar, aka kuma ɗauki kiɗansa a faifan garmaho. Har yau shugabannin ƙungiyoyi da yawa suna sa kalmar Sein, watau lu'ulu'u, a gaban sunayensu.

Saung kuwa ya shiga wani hali. Muryarsa ba ta kai dandali, masu saurarensa kuma su ne aka tarwatsa. Makaɗin fada na ƙarshe, Dewa Einda U Maung Maung Gyi, wanda ya rasu a 1933, shi da almajiransa ƙalilan suka riƙe igiyar, kuma shi ya ƙara tsirkiya ta 14. Sai bayan samun mulkin kai a 1948, da aka buɗe makarantun kiɗa da wasan kwaikwayo na gwamnati a Rangun da Mandalay a farkon shekarun 1950, kana molon ya samu sabon ubangida. Gidan rediyo ya ɗauki makaɗa aiki, U Ba Than ya kai tsirkiyoyin 16, wanda shi ne adadin da aka fi amfani da shi yanzu, aka kuma ɗauki saung a matsayin alamar ƙasa. A waje kuwa fim ɗin da Kon Ichikawa na Japan ya yi a 1956, a kan wani sojan Japan mai kaɗa molon Bama, ya sa duniya ta san siffarsa.

Na uku shi ne mi gyaung, abin kiɗa mai tsirkiya uku da aka sassaƙa da siffar kada, jikan wanda mutanen Pyu suka kai Sin. Shi bai samu dandali ba, bai kuma samu makaranta da wuri ba, saboda haka ya fita daga hannun Bamawa a farkon ƙarni na 20. A wajen mutanen Mon ne ya saura.

A daidai wannan lokaci baƙin kaya suka shigo. Piyano ya isa fadar Mandalay tun zamanin Mindon, Bamawa suka raɗa masa suna sandaya, suka riƙa buga shi da salon pattala da pat waing, har aka samu gwanaye irin su U Ko Ko. Gogen Turawa ya kore tsohon gogen ƙasar ya gaje sunansa, tayaw. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma waɗannan baƙi kukan gidan da suka sauka suka koya. Sai dai cinikin bai tafi a banza ba, gama matakan murya bakwai na Bamawa, waɗanda tazararsu ta bambanta da ta Turai, sun yi ta karkata zuwa ga ɗaurin piyano, har ya zama kunnen matasa ya fi sabawa da sabon.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kusan kowane babban abin kiɗa na Bama yana da dangi a wata ƙasa: molon a Indiya, hne a Farisa, wani sashe na waƙoƙin a Siyam, sandaya a Turai. Abin da ya mai da su na Bamawa shi ne taskar Maha Gita da hannun da aka horar a kanta. Za a kuma ga cewa ƙarkon kowanne ya danganta ga yawan gidajen da ke buƙatarsa. A 1993 gwamnatin soja ta buɗe Jami'ar Al'adu a Rangun, ta kuma fara gasar kiɗa da waƙa ta ƙasa, abin da ya ƙara yawan masu koyo amma ya ɗaure kiɗan ga buƙatun masu mulki. Annobar 2020, da juyin mulkin 1 ga Fabrairu 2021 da yaƙin da ya biyo baya, da girgizar ƙasar 28 ga Maris 2025 wadda ta yi wa Mandalay da Sagaing mummunar ɓarna, duk sun taɓa bukukuwan da ƙungiyoyin hsaing waing ke ci daga gare su. Wannan karon kiɗan fili ne ke fuskantar irin jarrabawar da kiɗan ɗaki ya fuskanta a 1885, kuma tun da yawancin karin har yanzu a kan malamai yake, duk malamin da ya ajiye sana'a ba tare da almajiri ba, da wani sashe na taskar yake tafiya.